BIREKA BA TA DA LAIFI: MU DAINA SAYEN GOBARA DA SUNAN GYARAN WUTA

 

Yau zan taɓo maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, ciki har da abokan zamana. Amma don kada a ce ina nuna wa mutane yatsa, da kaina zan fara.

A bazarar da ta wuce uwargida ta ƙara firiza ta biyu saboda sana'arta ta ƙanƙara da zoɓo, ni kuma na lallaɓa na sa esi a ɗakina. Tun daga ranar, duk daren da aka kawo wuta sai mu yi kamar rabin awa muna jin daɗi, sai ka ji ƙas! ɓangaren soket ya mutu. In tashi da tocila in je akwatin wuta in ɗaga bireka, jim kaɗan ta sake faɗuwa. Da na gaji sai na kira wani yaro da ke ɗan taɓa aikin wuta a unguwarmu. Bai tambaye ni abin da na ƙara ba, bai hau silin ya duba waya ba. Buɗe akwatin kawai ya yi ya leƙa, ya ce, "Yallaɓai, ai birekar ce ta yi ƙarama." Ya je kasuwa ya dawo, ya cire mai lamba 20 ya sa mai lamba 63. Na biya shi har da na goro, na kuma sa masa albarka.

Mako biyu bireka ba ta sake faɗuwa ba, har ina ba da labarinsa a majalisa. Sai wani dare ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, ina jin ƙaurin roba." Na ɗora hannu a bango kusa da soket, na ji zafi kamar an sauke tukunya. Na kashe wutar gidan gaba ɗaya, muka kwana cikin duhu da gumi. Da safe na ɗauko wani dattijo da ya tsufa a wannan sana'a. Ya hau silin, ya sauko da guntun waya, robarta ta narke ta yi baƙi, jan ƙarfen a tsirara. Ya ce a kan katakon rufi ya same ta. Ya dube ni ya ce, "Malam, wanda ya yi maka wannan aiki maigadinka ya kora, don yana tashinka daga barci idan ɓarawo ya zo."

A ɗakin da wannan waya ta bi ta samansa 'ya'yana huɗu ke kwana.

Tun daga lokacin na shiga tambaya, sai na tarar ba ni kaɗai ba ne. Abin ya zama ruwan dare. Bireka ta cika faɗuwa? A sa babba. An sayo sabon esi ko hita? A saƙala shi a jikin soket ɗin da ya fi kusa. Ana son ƙarin bireka a akwati? A kira duk wanda ke yawo da tasta a aljihu. Ni dai ra'ayina a fili yake: wannan ɗabi'a ganganci ce da rayukan mutane, kuma lokaci ya yi da za mu daina kiranta dabara.

ME BIREKA TAKE TSAREWA?

Mafi yawanmu muna zaton an sa bireka ne don ta kare talabijin ko firji. A'a. Waya take karewa, wayar nan da ke binne a bango da wadda ke kwance cikin silin, inda ido ba ya gani.

Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana ɗaukar zafi, kuma kowace waya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka gwargwadon kaurinta. Ana auna yawan wutar da ke gudana da amfiya, ita ce lambar da kake gani a goshin bireka: 6, 10, 16, 20, 32, 63. Ana auna kaurin waya da lambobin da masu shago ke faɗa maka: 1.5, 2.5, 4, 6. A ƙa'idar aikin, waya 1.5 ta ƙwan fitila da fanka ce, birekarta 6 ko 10. Waya 2.5 ita ake ja wa soket, kuma idan layi ɗaya ne ya fita daga akwati bai zagayo ya dawo ba, birekarsa 16 ko 20. Waya 4 tana tafiya da 25 ko 32. Waya 6, ta babban murhun lantarki da makamantansa, 32 ko 40. Kaurin waya shi ke zaɓar bireka. Son ran maigida ba ya cikin lissafin.

A cikin bireka akwai masu tsaro biyu. Na farko wani siririn ƙarfe ne da ke lanƙwasawa a hankali idan kaya sun yi yawa ya ɗau zafi, har ya saki makunnin. Shi ya sa tawa take yin rabin awa kafin ta faɗi. Na biyu maganaɗisu ne, wanda ke yanke wuta nan take idan wayoyi biyu suka haɗu. Saboda haka yadda bireka take faɗuwa ma bayani take yi maka. Idan ta jima kafin ta faɗi, kaya ne suka fi ƙarfin layin. Idan kana ɗagawa tana faɗuwa nan take, akwai inda wayoyi suka haɗu ko wata na'ura ta lalace. Ruwa ba ya tsami banza.

LISSAFIN DA BA YA BUƘATAR DIGIRI

Wutar gidajenmu bolt 230 ce a ƙa'ida. Kowace na'ura tana da takarda ko rubutu a jikinta da ke nuna wat nawa take ci. Ka raba wat ɗin da 230, ka sami amfiya. Tulun dafa ruwa mai wat 2,000 yana jan kusan amfiya 9. Dutsen guga mai wat 1,200 yana jan 5. Murhun lantarki mai wat 1,500 yana jan 6 da rabi. Esi mai doki ɗaya da rabi yana jan wajen 6, firiza kuma 1 zuwa 2, ban da fizgar da injinansu ke yi lokacin tashi, wadda ta ninka haka. To mu a nan, da yake wuta ba kullum take zama ba, da zarar an kawo ta kowa sai ya ruga: mai guga ya jona, mai dafa ruwa ta jona, firiza ta tashi, esi ya tashi. Haɗa lissafin da kanka, za ka ga an wuce amfiya 20 a kan waya 2.5, wadda ƙarfinta bai wuce 20 zuwa 27 ba, gwargwadon yadda aka shimfiɗa ta.

Abu biyu ne ke ƙara dagula lamarin a ƙasarmu. Na farko, waɗannan lambobi an tsara su ne a kan zafin yanayi na digiri 30. Idan zafin wurin ya kai 40, ƙarfin wayar yana komawa kashi 87 cikin 100. Idan ya kai 45, kashi 79. Wanda ya san Azare a watan Afrilu da Mayu ya san 40 ba baƙonmu ba ne ko a inuwa, balle cikin silin a ƙarƙashin kwano da tsakar rana. Na biyu, idan wuta ta zo ba ƙarfi, injin firiza da na esi da na famfo suna ƙara jan amfiya ne don su cike giɓin, haka ma sitabilaiza. Wato lokacin da kake ganin wutar ta yi sanyi, lokacin ne wayarka ke shan wahala.

Ga kuma abin da ya fi tayar mini da hankali da dattijon nan ya yi mini bayani. Zafin waya ba ɗaya bayan ɗaya yake hawa ba. Idan amfiya ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Idan ta ninka uku, ya ninka tara. Bireka mai lamba 63 a kan wayar da aka yi wa 20, izini ne ka ba wayar ta ɗau zafin da ya kusa ninki goma kafin a ce mata tsaya. Robar da ke jikin irin waɗannan wayoyi digiri 70 aka yi ta ta jure. Kafin birekar ta motsa, silin ya riga ya kama.

IDAN DA GASKE ANA BUƘATAR ƘARI FA?

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce kada kowa ya sayi esi ko firiza ba, kuma ban ce ƙara bireka a akwati laifi ne ba. Sau da yawa ma shi ne maganin. Abin da nake ja da shi shi ne a ƙara ta da ka.

Sabuwar bireka sabon layi take nufi: sabuwar waya mai kaurin da ya dace, tun daga akwati har inda na'urar take, ita kaɗai. Esi da layinsa. Hitar banɗaki da layinta. Famfo da layinsa. Abin da dattijon ya yi mini ke nan daga baya: ya cire wayar da ta ƙone, ya mayar da mai lamba 20 wurinta, ya ja wa esi layi daban, ya ja wa firizoji nasu. Yau wata da watanni ko sau ɗaya bireka ba ta faɗi ba, kuma bango ba ya zafi.

Kafin ya taɓa komai sai da ya yi tambayoyin da yaron can bai yi ba. Ya lissafa kayan gidan duka, don ya ga ko wayar da ta shigo daga mita da babbar bireka za su iya ɗaukar ƙarin, domin ƙara bireka ba ya ƙara wutar da ke shigowa gida, rabon kawai yake gyarawa. Ya duba ko akwai gurbi a akwatin, ya ce da babu, sai dai a canza akwati ko a ƙara ƙarami, amma ba zai cusa waya biyu ko uku a bakin bireka ɗaya ba. Ya nemo birekar da ta zauna daidai a akwatin. Ya ɗaure kowane noti tamau, ya ce waya mai sako-sako a bakin bireka ko a bayan soket tana tartsatsi tana zafi a hankali, kuma irin wannan zafin bireka ba ta jin sa ko kaɗan. Da ya gama ya rubuta sunan kowane layi a murfin akwatin.

Sannan ya tambaye ni wayar ƙasa, wadda ake haɗawa da sandar da aka kafa a cikin ƙasa. Na ce ban san ko akwai ba. Aka duba, babu. Ya kafa, ya kuma sa mini wata bireka ta daban mai ɗan maɓallin gwaji a jikinta, wadda ke yanke wuta da zarar ta ji tana zurarewa ta inda bai kamata ba, misali ta jikin mutum. Bambancin yana da girma. Bireka ta yau da kullum sai wuta ta wuce amfiya 20 take motsi, alhali ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba yana iya tsayar da zuciyar ɗan Adam. Ita wannan mai maɓallin a miliamfiya 30 take yankewa, cikin ƙiftawar ido. Yaron da ya taɓa firiza mai ja da jiƙaƙƙen hannu, ƙafa ba takalmi, ita ce tsakaninsa da makara in Allah ya so. Kuma a irin ƙasarmu mai rairayi, da ke bushewa ƙamas da rani, sandar ƙasa ita kaɗai ba ta cika isa ba. Gida nawa ne a Azare ke da wannan? Ka je ka duba naka.

"AI AN ƊAUKE WUTA"

Akwai kuma masu cewa ba sai sun kira kowa ba, da kansu za su sa. Sun kalli bidiyo a waya, sun ga noti biyu ne kawai. Ɗan'uwa, bidiyon da ka kalla wataƙila a Amurka aka yi shi, inda soket ɗinsu bolt 120 ne, akwatinsu da launin wayoyinsu duk daban da namu. Ko a nan gida ma launi biyu ke yawo: tsohon tsari ja da baƙi, sabon tsari ruwan ƙasa da shuɗi, kuma ba kowane mai wayarin ne ya bi ko ɗaya daga ciki ba.

Mafi munin abin da nake ji shi ne, "Bari mu yi sauri tunda an ɗauke wuta." Wa ya yi maka alkawarin lokacin da za a dawo da ita? Hannunka na cikin akwati, a can wani ya ɗaga makunni, shi ke nan sai salati. Ko ka kashe babbar bireka, bakinta na sama inda wayar mita ta shigo yana nan da wutarsa. Kuma yanzu gidaje da yawa ƙofar wuta ba ɗaya ba ce: ga ta kamfani, ga janareta, ga inbata. Ka rufe ɗaya, ɗaya na buɗe.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 mutane suka raja'a kan sola, kuma abu ne mai kyau. Amma ya zo da nasa gangancin. Wutar batir da ta faifan sola ba irin ta kamfani ba ce. Ta kamfani tana kai da komo, tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, wannan ne ke taimaka wa bireka ta kashe tartsatsin da ke tashi idan ta buɗe. Ta batir miƙe take, ba ta da wannan hutun. Idan aka sa mata birekar gida ta yau da kullum, tana iya buɗewa tartsatsin ya ci gaba da ci a cikinta har ta kama. Tana da birekarta daban. Haka mai jona janareta kai tsaye a soket ba tare da makunnin canji ba: wutarsa tana fita ta bi layi, ta sami ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara, wanda ya tabbatar an kashe layin kafin ya hau. Wannan mutumin shi ma yana da 'ya'ya.

UZURORIN DA MUKE FAKEWA DA SU

Na farko: "Gidana ne, kuɗina ne, ina ruwan wani?" Da wuta ta san iyakar fili da na yarda da kai. A cikin gari, irin su Tsakuwa da Ƙofar Gabas da Nasarawa da Bakin Kasuwa, katangarka ita ce katangar maƙwabcinka, kwanonka na taɓa nasa, wani lungun ko Keke Napep ba ya shiga balle motar 'yan kwana-kwana. Ɗan Azare ba ya buƙatar a ba shi labarin abin da gobara ke yi. Duk wanda ya ga babbar kasuwarmu bayan gobarar watan Yunin 2018 ya ga yadda guminka na shekara ashirin ke zama toka kafin gari ya waye, kuma wuta ba ta tambayar a shagon wa ta fara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. To ina ga wanda da hannunsa yake kunna ashana kusa da gemun mutane?

Na biyu: "Babu kuɗi." Wannan ina jin sa, domin ni ma a cikin ƙasar nake, na san farashin waya a yau. Amma mu yi wa juna adalci. Wanda ya iya sayen esi ko firiza, kuɗin wayar da za ta ɗauke su wani ɓangare ne na kuɗin sayen. Ba ka sayen doki ka ce ba ka da kuɗin linzami. In kuma da gaske babu halin jan sabon layi yanzu, akwai maganin da ba ya cin ko sisi: a bar birekar yadda take, a rage kaya. A yi guga, a gama, sannan a dafa ruwa. A kashe esi in an kunna murhu. Takura ce, amma takurar da kowa zai wayi gari da ransa.

Na uku: "Laifin kamfanin wuta ne." Tun watan Nuwamban 2013 da aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, kamfanin JED na Jos ne ke kula da jihohin Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai. Duk mai ƙorafi kan kuɗin wuta ko yawan ɗaukewa yana da inda zai kai, har gaban hukumar NERC, kuma haƙƙinsa ne. Amma daga mita zuwa cikin ɗakinka, wannan naka ne. Babu ma'aikacin kamfani da ya shigo ya sa maka 63 a kan waya 2.5. Ni na kira yaron, ni na biya shi.

Na huɗu: "Shekara nawa yana yi, ba a taɓa samun matsala ba." Ni ma mako biyu na yi ba matsala. Waya ba ta ƙonewa rana ɗaya. Robarta ce ke gasuwa a hankali, ta bushe, ta tsattsage, sai ranar da aka yi rashin sa'a.

Na biyar, wanda ya fi ci mini rai: "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Babu mai ja da ƙaddara. Amma mu ɗin nan muke kulle shago da kwaɗo uku, mu ɗaure akuya, mu sa wa babur sarƙa. Ba wanda ya taɓa barin ƙofarsa a buɗe ya ce in an ƙaddara za a yi sata za a yi. Me ya sa sai a kan wuta muke tuna ƙaddara? A yi sakaci da gangan, in ta auku a taru a ce haka Allah ya so, a yi jaje a watse, mai gyaran ya koma gida na gaba da tastarsa. Wannan bai yi kama da tawakkalin da malamanmu suka karantar da mu ba.

LAIFIN NA MUTUM NAWA NE?

Ba zan ɗora wa yaran nan duka laifin ba. Da yawansu neman halal suke, kuma abin da suka gani a wurin iyayen gidansu suke yi. Mu ne muke lalata su. In ƙwararre ya zo ya ce sai an ja sabon layi, sai mu ce yana son cin kuɗinmu. In yaro ya ce zai yi a rubu'in kuɗin cikin minti goma, sai mu ce shi ne mai tsoron Allah. Da haka masu gaskiya suka rasa aiki, masu kwaskwarima suka cika gari. Araha ba ta ado.

Amma ku ma ƙannena masu wannan sana'a, ku ji tsoron Allah. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Hanyoyin koyo a buɗe suke: akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki uku, akwai NABTEB, akwai kwalejojin kimiyya da fasaha a Bauchi, ta tarayya da ta Abubakar Tatari Ali. Akwai kuma hukumar NEMSA da aka kafa da dokar 2015, wadda aikinta ne duba ingancin wayarin da ba masu aikin takardar shaidar ƙwarewa. In maigida ya matsa sai ka sa masa babbar bireka a kan ƙaramar waya, ka tattara kayanka ka tafi. Gara ka rasa aikin yini ɗaya da a riƙa nuna ka a gari ana cewa ga wanda ya yi wayarin gidan.

Masu shagunan kayan wuta, ku ma da naku. Kun san wayar da aka rubuta wa 2.5 alhali ba ta kai ba. Kun san wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya, alhali alminiyom kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka. Kun san birekar da ba komai a cikinta sai makunni. Muna da kamfanonin waya a ƙasar nan irin su Cutix da Coleman da Nigerchin da Kabelmetal, muna da hukumar SON mai sa tambarin inganci, amma jabu kullum rigar nagari yake arowa, kuma ku kuka fi kowa gane shi. In mai saye ya ce a ba shi mai sauƙi, ku gaya masa gaskiyar abin da zai kai gidansa. Kai kuma mai saye, ka kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago. In ka ga fari a ciki, ajiye musu kayansu.

Sai masu gidajen haya. Garin nan yana cika da baƙi: ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da na Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, da ma'aikatan asibiti. Gidan da aka yi wa wayarin don iyali ɗaya, mai ƙwan fitila da fanka, an yanka shi ɗaki takwas, kowane ɗaki da hita da murhun lantarki da dutsen guga, duk a kan tsohuwar waya. In 'yan haya sun yi ƙorafin bireka na faɗuwa, sai Alhaji ya aiko a sa babba, ko ma a cire ta a haɗe wayar kai tsaye. Alhaji, 'ya'yan mutane ne a ciki. Iyayensu sun turo su karatu ne daga Misau da Jama'are da Gamawa da Zaki da wasu jihohi, amana ce a hannunka. Kuɗin hayar ɗaki ɗaya ya isa ya gyara.

ABIN DA NAKE ROƘO

Ba dogon abu ba ne. Yau ɗin nan, kowane maigida ya je gaban akwatin wutarsa, ba tare da ya kwance komai ba, ya karanta lambobin da ke goshin birekokinsa. In ka ga 40 ko 63 a kan layin fitila ko na soket, ka nemo ƙwararre ya duba kaurin wayar. In ka ga wuri ya yi baƙi, ko kana jin ƙauri ko ƙarar tartsatsi, ko soket na zafi, ka kashe ka kira shi a ranar, kada ka ce sai albashi. In har yanzu tsohon fis ne a gidanka, ka tabbatar ba a ɗaura masa waya mai kauri ko ƙusa ba. Iyayenmu mata da matanmu, ku ne ke wuni a gida, ku kuka fi jin ƙaurin da wuri. Ku nuna wa manyan yara inda ake kashe wutar gida gaba ɗaya, kuma kowa ya sani ba a watsa wa wutar lantarki ruwa sai an kashe ta daga tushe.

In za ka ƙara na'ura mai cin wuta, ka tambayi mai gyaran abu uku kafin ya taɓa akwatinka: amfiya nawa na'urar ke ja, waya mai kauri nawa zai ja mata, bireka mai lamba nawa zai sa kuma don me. In ya amsa da lissafi, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙorafi ba. In ya ce, "Kar ka damu yallaɓai, babba za mu sa," ka ba shi kuɗin babur ya koma.

Ina kuma kira ga masu unguwanni da limamanmu da shugabannin 'yan kasuwa su sa baki, musamman gabanin sanyi lokacin da hita ke fitowa, da gabanin bazara lokacin firiza da esi. Maganarsu ta fi tawa isa.

Guntun wayar nan da dattijo ya sauko da ita daga silin tana nan a aljihun tebur ɗina, ban yar ba. Duk wanda ke ganin na cika baki, ya zo in nuna masa.

Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu daga gobara, ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu ta dalilinta, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri. Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yafe mini, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Sakataren Ƙungiya,
Azare.